Makin Ɗalibi ko Makin Waya? Auna Kundin Zane a Makarantun Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tun da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta shigo da auna ɗalibi a kai a kai, abin da malamai ke kira C.A., aka amince cewa jarrabawar yini ɗaya ba ta isa shaida ba. A aji kuwa, C.A. ya rikiɗe ya zama ƙaramar jarrabawa kawai. Kundin zane na dijital, wato tarin zane-zane da hotunan aikin da ɗalibi ke adanawa a waya ko kwamfuta tsawon zango, yana iya cika wancan alkawari. Sharaɗin da wannan maƙala ke karewa shi ne a ɗora makin a kan matakan da aikin ya bi da bayanin mai shi, domin ƙyallin hoton ƙarshe ya fi nuna tsadar waya a kan fahimtar yaro.

A ɗauki ɗalibar ƙaramar sakandare a Maƙarfi, ƙasar rake, da aka ce ta zana tafiyar rake daga fadama har ya zama mazarƙwaila. Malamin aikin gona zai duba ko ta jera dashe, sara, matsa da dafawa yadda suke. Na lissafi zai duba ma'aunin jadawalinta, na Hausa ya duba rubutun da ke ƙarƙashin hotunan, na zane kuma ya duba tsari da launi. Idan aka dunƙule waɗannan a maki ɗaya, kyan launi zai rufe kuskuren lissafi, kuma ɗan Hunƙuyi ta Kudan da ya fahimci noman sarai amma hannunsa ke rawa zai sha ƙasa a darasin da ya fi kowa sani. Saboda haka kowane malami ya riƙe ma'auninsa, a sanar da ɗalibai shi tun farkon zango, a kuma wajabta ajiye zanen farko, da gyaran malami, da abin da ɗalibar ta sauya, kowanne da kwanan wata.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Zazzau. Allon sauka yakan sha zayyana, kuma sau da yawa wani gwani ake biya ya yi ta. Ba a taɓa ɗaukar kyan allon a matsayin shaidar karatu ba. Almajiri sai ya buɗe baki ya karanta a gaban malamai. Haka ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, gardamarsu da tsarin koyarwar Turawa ta shafi ma'auni: da idon wa ake auna zanen ɗan ƙasa? Tambayar tana nan, sai dai yau samfuran manhajar zane ta Canva ne suka zauna a kujerar malamin Ingila.

Masu suka za su ce makarantun Ikara da Kudan na fama da rashin kujeru da wuta, ina batun kwamfuta? Gaskiyarsu, kuma duk ma'aunin da ya ba manhaja maki ya hukunta ɗan talaka. Amma zanen fensir da aka ɗauka da wayar malami aka adana da sunan ɗalibi ya shiga kundi. Ga shi kuma tun 2015 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, yaran nan za su gamu da ita ko sun shirya ko ba su shirya ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta sata: yaya ya zana wa ƙane, ko manhaja ta ƙera hoton cikin daƙiƙa. Matakan da aka adana suna rage wannan, sauran kuma sai a bi hanyar allo. A tsayar da ɗalibi minti uku, a nuna wani sashe na zanen, a ce me ya sa ka sa wannan a nan? A aji mai cunkoso wannan zai ci darussa da dama, don haka aiki ɗaya tak a zango, wanda malamai huɗu suka yi tarayya a kansa, shi ne abin da jadawalin makaranta zai iya ɗauka.