Ranar da aka ƙone Papa Noyel a Dijon

Da Disamba ta kama, wanda ke Yamai ya san abin da ake gani: jar hula mai farin baki a hannun masu talla bakin titi, manyan kantuna sun rataya fitilu, wasu ma'aikatu da lakwal masu zaman kansu suna shirya "arbre de Noël" don raba wa yara kado. Mafi yawanmu ba bikinmu ba ne, amma duk wanda ya zauna benci a lakwal ya taɓa gamuwa da tsohon nan mai farin gemu, ko cikin littafi ko a tele. To, wannan tsohon an taɓa rataye shi aka cinna mishi wuta bainar jama'a, cikin Faransa, kuma da yardar limaman coci.

Ranar Lahadi 23 ga Disamba 1951 abin ya faru, ƙofar babbar majami'ar Saint-Bénigne ta birnin Dijon. An tara yara wajen 250 daga ƙungiyoyin matasa na Katolika, aka rataye mutum-mutumin Papa Noyel ga ƙarfen shinge, sannan aka ƙone shi suna kallo. Laifinshi? Wai ɗan kutse ne, ya ƙwace bikin haihuwar Almasihu ya maida shi bikin kayan wasa. Abin da ya fi ɓata wa limaman rai shi ne lakwal ɗin gwamnati, inda babu wurin alamun addini, amma shi ya shiga aji ya zauna daram. Suka ce ƙarya ce ake ciyar da yara da ita, ƙarya kuwa ba ta gina imani.

Gari ya rabu biyu, jaridar France-Soir ta kai labarin ko'ina cikin ƙasa. Washegari aka sanar wa yara su zo dandalin ma'aikatar magajin gari da marece, Papa Noyel zai fito bisa rufi kamar kowace shekara. Wanda aka ƙone jiya ya tashi yau kenan. Kuma ku ji abin dariya: magajin garin Dijon na lokacin, Félix Kir, shi kanshi limamin coci ne.

Asalin tsohon dai daga coci ya fito. Nicolas, bishop ne na garin Myra, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Labarin da ya fi shahara game da shi na wani talaka ne mai 'yan mata ukku, ba shi da abin yi musu kayan aure, sai Nicolas ya riƙa jefa zinariya cikin gidan da dare don kada a san shi ne. Kun ga kyauta a ɓoye tun nan ta samo tushe. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba, har yau yaran Holan, Beljiyam da gabashin Faransa suna aje takalmi da dare su iske alawa da safe. A ƙarni na 16, mabiya Martin Luther, da ba su yarda da girmama waliyyai ba, suka maida kyautar daren Noyel. Sunan Sinterklaas na mutanen Holan ya ƙetara teku ya zama Santa Claus a New York. Wata waƙa da aka buga a 1823 ta ba shi amalanke mai zamewa bisa ƙanƙara, da barewar ƙasar sanyi takwas, da shiga gida ta bututun hayaƙi. Mai zane Thomas Nast ya fara zana shi a 1863, tallar Coca-Cola daga 1931 ta yaɗa kamannin da muka sani. Ana yawan cewa kamfanin ne ya ƙirƙiro jar rigar. A'a, ya iske ta. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da kayan Amurka da kuɗinta suka cika Faransa, tsohon ya koma Turai da ƙiba da farin jini. Wannan ne limaman Dijon suka gani hankalinsu ya tashi.

Wani masanin al'adu, Claude Lévi-Strauss, ya ɗauki rigimar da muhimmanci, ya rubuta maƙala cikin mujallar Les Temps modernes a 1952. Tambayar da ya yi ta fi ta limaman zurfi. Shi bai damu da dalilin da ya sa yara ke yarda ba, yaro ai aikinshi kenan. Mi ya sa manya, da suka san babu, suke wahalar da kansu don yara su ci gaba da yarda? Ya kawo misalin mutanen Pueblo na kudu maso yammacin Amurka, inda iyaye maza da kawunnai ke rufe fuska su fito a matsayin iskokin da ake kira kachina, su ba yara kyauta ko su tsorata masu ƙiriniya. Ranar da yaro ya isa, sai a buɗe fuska gabanshi, ya ga ashe kawu ne, a ce mishi to, yanzu kai ma ka riƙe sirri. A ganin Lévi-Strauss, Papa Noyel iyaka ce tsakanin waɗanda suka sani da waɗanda ba su sani ba tukuna.

Ni a nawa ganin nan ne limaman suka yi kuskuren lissafi. Sun ƙone mutum-mutumi, alhali abin yana cikin gidaje, hannun uwa da uba. Dubi aikin da ake sha. Yaro ya rubuta wasiƙa ya jera abin da yake so. A ɓoye kayan sama da kabad har sati ukku. Daren 24 a jera takalma gaban murhu, a aje madara da biskit don baƙo, da karas don dabbobinshi. Yara sun yi barci, uba ya shanye madarar, ya gatsa karas ɗin ya bar guntu, wani ma ya barbaɗa garin fulawa ƙasa ya taka da babban takalmi don a ga sawu. Uwa ta sake salon rubutunta bisa takardar kado don kada a gane hannunta. Duk wannan, da safe godiyar wani za a yi wa, ba su ba. Kasuwa ta ci riba da abin, gaskiya ne, amma ba kanti ne ke tashi ƙarfe biyu na dare ya ci karas ba.

Akwai fa inda wasan ke da ciwo. An gaya wa yaro mai ladabi ne ke samun kado. To ɗan talaka da ya yi ladabi shekara guda ya iske takalmi wayam, ɗan maƙwabci mai rashin ji ya samu keke, mi zai ɗauka? Ba zai ce babanshi ba shi da kuɗi ba, tunda an ce ba baba ke kawowa ba. Kanshi zai zarga. Saboda irin wannan ne ƙungiyar agaji ta Secours populaire ta fito da Papa Noyel mai koren kaya a 1976, mai bin gidajen da mai jar riga ke tsallakewa.

Shekara 11 bayan wutar Dijon, gwamnatin Faransa da kanta ta shiga cikin sirrin. Da, wasiƙun da yara ke aika wa Papa Noyel ba su da inda za su, cikin wasiƙun da suka rasa mai su ake zuba su, ko da yake wasu ma'aikatan gidan waya na ƙauye sun riƙa amsa su a ɓoye. A 1962 ministan gidan waya Jacques Marette ya buɗe ofishi na musamman, kuma 'yar uwarshi Françoise Dolto, shahararriyar likitar yara da sanin halayyarsu, ita ta rubuta amsa ta farko. A 1967 aka maida ofishin Libourne, kusa da Bordeaux. Har yau yana aiki kowane ƙarshen shekara, wasiƙa ko babu tambur tana isa, kuma adadinsu kan wuce miliyan ɗaya. Kanada ma ta ware mishi lambar adireshi tashi, H0H 0H0.

Galibi wajen shekara 7 ko 8 yaro ke ganowa, ko wani ɗan aji ya fasa mishi ƙwai, ko ya lura takalmin Papa Noyel irin na kawunshi ne sak. Wasu su yi kuka, wasu su yi shiru su ƙara cin shekara ɗaya don kada kado ya yanke. A gidaje da yawa, uwa kan ja shi gefe ta roƙe shi kada ya faɗa wa ƙanne, kuma Disamba mai zuwa shi ake ba karas ɗin ya gatsa.