Asalin Kalma: Gicciye

Wannan kalma ba aro ba ce. Daga "gitta" ta fito, wato a ɗora abu a kwance bisa wani, ko a ratsa ta gaban mutum. Manomi a Shanono zai ce maciji ya gitta masa, ko ya gitta kara a ƙofar danga don kada awaki su shiga. Harafin "t" kan koma "c" idan "e" ko "i" ta biyo shi, kamar yadda "sata" ke zama "sace". Ta nan "gicciye" ya samu.

Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Wusasa ya ba ƙarfinsa. Kiristoci Hausawa suka riƙe kalmar ga itacen da aka kashe Yesu Almasihu a kai, kuma a ganina sun dace, domin ko yaro ya ji ta ya ga siffar.

A majami'un ƙauye, kafinta kan haɗa katako biyu da ƙusa su zama gicciye, ya shafa fenti, a rataye bayan bagade. 'Yan Katolika kan sassaƙa jikin Yesu a kai, da rawanin ƙaya da rauni a haƙarƙari, don mai kallo ya ga abin da ƙauna ta jawo wa Yesu. 'Yan majami'ar ECWA kuwa kan bar nasu babu kowa a kai, alamar Yesu ya tashi daga matattu.