Tsirkiya Ɗaya, Kiɗa Cikakke: Yadda Garaya da Kuntigi Suka Shiga Birnin Kano

A unguwanni irin su Soron Ɗinki, kusa da gidan Sarki, kunne ya saba da tambari da algaita da kakaki. Waɗannan kayan fada ne, suna da gurbinsu da ranakunsu. Kayan kiɗa masu tsirkiya kuwa, irin su garaya da molo da gurmi da goge, sun daɗe ana yi musu kallon hadarin kaji a cikin ganuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804 ya kuma kai ga Kano a 1807, malamai suka riƙa ƙyamar kiɗan da ke tara maza da mata, ita kuma garaya an san ta da 'yan bori da mafarauta. Sai ya zama gidan malami da gidan sarauta ba sa buɗe mata zaure.

Amma wanda ya tsaya ya dubi hannun mai garaya zai ga gwaninta. Tsirkiya biyu ce a kan ƙoƙon itace da aka rufe da fata. Hannun hagu ba ya yawo da yawa, wurare kaɗan yake dannawa. Aikin duk yana hannun dama: makaɗi na riƙe da ɗan guntun busasshiyar fata, yana dukan tsirkiyun sama da ƙasa ba tsayawa, ɗaya tana ba da amo mai kauri da ba ya canzawa, ɗayar tana bin muryar waƙa. A gefensa masu caki suna girgiza buta mai tsakuwa. Garaya ganga ce da aka ɗaura wa tsirkiya, shi ya sa take iya tayar da mai rawa ba tare da kalangu ba.

Rediyo ne ya fasa katangar da ta hana kiɗan tsirkiya shiga gidaje, kaset ya ƙarasa. Tela yana kan keken ɗinkinsa, mai aikin hula yana zaune a zaure da allura, akwatin rediyo na gefe, sai ga gurmin Haruna Uji na Haɗeja, sai ga kukumar Garba Supa. Makaɗi bai taka ƙofar gida ba, amma kiɗansa ya shiga har tsakar gida.

Babu wanda ya ci ribar wannan sauyi kamar Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka lulluɓe da fatar akuya, aka soka masa ɗan kara, aka ɗaura tsirkiya ɗaya tak. Ba 'yan amshi, ba ganga. Da wannan ya yi waƙar karen mota, ya yi “Jawabin Aure”, inda yake sauya murya ya zama miji ya zama mata, yatsansa kuma bai daina bugu ba. Kuntigin ne ke riƙe da lokaci, shi ne ke amsa masa idan ya ja numfashi. Da yake waƙoƙinsa na talaka ne da gargaɗi, dattijon da ba zai saurari garayar bori ba ya saurare shi.

Irin wannan kiɗa na tsirkiya zalla ne Turawa masu kiɗan rok suka riƙa nema lokacin da tashar MTV ta fara shirin cire wa jita lantarki a 1989, shirin da ƙungiyar Nirvana ta yi fice a cikinsa a 1993. Idan aka kashe na'urar ƙara sauti, babu abin da zai rufa wa makaɗi asiri. Dole hannun dama ya yi ta tafiya, a danne tsirkiyu da gefen tafin hannu don amon ya gajarce, a rage yawan waɗanda ake bugawa. Buzayen ƙungiyar Tinariwen sun koma ga wannan salo a faifansu “Tassili” na 2011, wanda ya ci kyautar Grammy, kuma mai kunnen garaya ba zai ji shi baƙo ba.

A Kano kuwa hanya ta bi wani wajen. Daga shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙoƙin fim, yana kwaikwayon kowane amo da danna maɓalli. Ya sauƙaƙa aiki, ya kuma rage masu koyon bugu da yatsa. Matashin cikin birni da ya sayi jita yau yana neman darasi a YouTube, alhali rabin abin da yake nema yana cikin tsofaffin kaset ɗin Ɗanmaraya. Ya kamata ya fara sauraron su kafin ya buɗe wayarsa.