Yadda aka faro: me ya sa matafiyi ke sayen sabon layi a ƙasar da ya sauka 🧵

1/ Duk wanda ya je Umra ko Hajji ya ga cunkoso a shagunan STC, Mobily da Zain: fasfo a hannu, a dangwala yatsa, a karɓi sabon sim. Abin mamakin shi ne tun asali an ƙirƙiri sim ne don kada matafiyi ya buƙaci canja layi. To ina aka samu matsala? Ku biyo ni.

2/ A shekarun 1980 ƙasashen Turai kowacce da irin tsarin wayar salularta. Wayar da ke aiki a Ingila, da ka shiga Faransa ta zama dutse. Shi ya sa a 1982 suka kafa kwamiti mai suna Groupe Spécial Mobile. Daga nan sunan GSM ya fito.

3/ A 1987, a birnin Kofanhegan, ƙasashe 13 suka sa hannu cewa tsari ɗaya za su bi. Dabarar ita ce a raba waya da mai waya: lambarka da shaidarka su zauna a ɗan kati, wayar kuwa gangar jiki ce kawai. Wannan katin shi ne sim.

4/ A 1991 kamfanin Giesecke & Devrient na Jamus ya ƙera sim na farko, ya sayar wa Radiolinja na Finlan guda 300. Girmansa kamar katin ATM! A kan wannan sabis ne tsohon firaministan Finlan, Harri Holkeri, ya yi kiran GSM ranar 1 ga Yuli, 1991.

5/ A 1992 aka ƙulla yarjejeniyar romin ta farko tsakanin Telecom Finland da Vodafone na Ingila. Romin shi ne layinka ya hau sabis ɗin wani kamfani a wata ƙasa. Buri ya cika ke nan. Saura kuɗi.

6/ Ga yadda lissafin yake: kamfanin ƙasar da ka je zai caji kamfaninka na gida, naka ya ɗora ribarsa, duka a kanka. Ko kiranka aka yi sai an cire maka. Da wayoyin zamani suka zo masu zuƙar data ko suna aljihu, sai abin ya ƙara tsanani.

7/ To me ya hana mutane sayen layin gari tun farko? Babu hali. A da sai ka yi kwantiragi, a kawo maka bil ƙarshen wata, kuma ba a ba baƙo bashi. Katin "biya kafin ka kira" ne ya buɗe ƙofa: TMN na Fotugal ya fito da Mimo a 1995, Italiya da Afirka ta Kudu suka biyo a 1996.

8/ Tun daga nan baƙo ke iya shiga shago ya fito da lambar gari, ya biya abin da ɗan gari ke biya. Irin wannan tsarin muka buɗe ido da shi lokacin da Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya a 2001.

9/ Abin da mutane da yawa suka manta: Afirka ta riga Turai soke kuɗin romin. Celtel, kamfanin da Mo Ibrahim ɗan Sudan ya kafa, ya fito da One Network a 2006 a Kenya, Tanzaniya da Yuganda. A 2007 Najeriya, Nijar da Chadi suka shiga. Ɗan kasuwa ya tashi daga Kano zuwa Maraɗi da layinsa, ya amsa kira kyauta. Celtel ɗin ne ya koma Zain, daga baya Airtel.

10/ Tarayyar Turai sai 15 ga Yuni, 2017 ta soke ƙarin kuɗin tsakanin ƙasashenta. ECOWAS ta amince da irin wannan doka a shekarar, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya. Ghana da Kodebuwa ne suka fara a 2023.

11/ Shi kansa katin sai ƙanƙancewa yake: maikro a 2010, nano a 2012, yanzu eSIM da ba a riƙe shi a hannu. iPhone 14 na kasuwar Amurka ko gurbin sim ba shi da shi. Masu sayen tokumbo, ku duba kafin tafiya.

12/ Darasin ga matafiyi: ka tabbatar wayarka ba a kulle take da wani kamfani ba. Sayi layin gari don data da kira. Amma kada ka jefar da na gida, ta nan bankinka ke turo lambar sirri. Bar shi a gurbi na biyu, ka kashe masa data. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tsohuwar lamba, in ya tambaye ka kada ka canja.

13/ Waɗanda suka yi tafiya kwanan nan, wace ƙasa ce, kuma nawa kuka sayi layi? Ku faɗa a ƙasa, na baya su amfana.