Mutum da Rana, Kura da Dare

Kafin Faransawa su kafa bariki a Dakoro a 1947, yankin kwarin Tarka daji ne na makiyaya da mafarauta, kuma kura ce mai mulkin dare. Manoman da suka hauro daga kudu neman gonaki sun zo da gero da gatari, sun kuma zo da wani tsohon zance: akwai mutanen da ke rikiɗa su zama kura.

Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kura ta addabi garke, maharbi ya sa mata kibiya, da safe a bi sawun jini har ƙofar wani gida, a tarar da mai gidan kwance da rauni. A. J. N. Tremearne ya tattara labaran rikiɗa a littafinsa na al'adun Hausawa na 1913. A bori ma akwai Kure, iskan da Azna da Maguzawa suka daɗe da sani, wanda in ya hau dokinsa sai a ga mutum na rarrafe yana gurnani. Su kuma gardawa, da suke yawo kasuwa-kasuwa da kura a takunkumi, sun ƙara wa jama'a yaƙinin cewa tsakanin ɗan Adam da wannan dabba akwai asiri.

A Fotugal da Brazil ana kiran irin wannan halitta lobisomem. Can ƙaddara ce: ɗa na bakwai, ko namijin da ya biyo mata bakwai, shi ke fita daren Juma'a zuwa mararraba, ya yi birgima a turɓaya, ya tashi kyarkeci ko kare. Marubuci Câmara Cascudo ya rubuta labarinsa a 1947. Mutanen can sukan tausaya masa, har su nemi karya masa la'anar.

A ƙasar Hausa tausayi ya yi ƙaranci, domin zancen ya haɗe da maita. Wanda ake nunawa da yatsa yawanci baƙo ne, ko tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, ya ambaci suna cikin magagi, sai a jawo matar tsakar gida a tilasta mata ta tsallake shi don ta saki kurwarsa. Abin takaici, ƴaƴanta ma sai su rasa manema.

Kura kam ta yi ƙaranci a yankin Tarka, gonaki sun cinye dajinta, guba ta ƙarasa saura. Har gandun dajin Gadabeji, da aka keɓe a 1955, bai iya riƙe yawanta na da ba. Zargin maita kuwa har yau yana kai mutane gaban hakimai da alƙalai.