Yadda ake saba wa magen rumbu da cin nama in ta ƙi

A ƙauyukanmu na ƙasar Daura da wuya ka shiga gidan manomi mai rumbu ko ɗakin ajiya ba ka tarar da mage ba. Aikinta sananne ne, ita ce mai gadin gero da dawa da wake daga ɓarnar ɓera. Sai dai yawancin magunan nan an tashe su ne a kan ragowar tuwo da ƙanzo da koko, shi ya sa sai ka ga mage ta rame, gashi ya tashi, ba ta da kuzarin tsalle balle farauta. In mai gida ya ce bari ya gyara mata abinci ya miƙa mata nama, sai ta sansana ta juya baya. Wannan bayani zai nuna dalilin hakan, da matakan da ake bi a sauya mata abinci ba tare da an cutar da ita ko mutanen gida ba.

Me ya sa mage take buƙatar nama

Magen gida ta samo asali ne daga magen daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma jikinta bai canja daga na mafarauciya ba. Kare zai iya rayuwa a kan abinci gauraye, amma mage dole sai da nama. Akwai wani sinadari mai suna tawurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, kuma a nama ake samunsa, musamman zuciya da jar tsoka. Babu shi a gero, babu shi a masara. In ya yi ƙaranci, ganinta yana raguwa har ta kai ga makancewa, zuciyarta ta yi rauni, 'ya'yanta su riƙa mutuwa. A shekarar 1987 ne likitocin dabbobi a Amurka suka tabbatar da alaƙar rashin wannan sinadari da ciwon zuciya a jikin maguna.

Haka nan jikinta ba ya iya fitar da bitamin A daga ganye ko karas kamar yadda namu yake yi, sai ta same shi a hanta da ƙwai. Ko zaƙi ma harshenta ba ya ji. Madara kuwa, wadda mutane ke ɗauka ita ce abincin mage, tana sa yawancin manyan maguna zawo.

Yunwa ba ta koyar da farauta

Akwai maganar da ake yi cewa in ka ƙosar da mage ba za ta kama ɓera ba. Bara da kaka na je wurin wani dattijo a Kongolam duba ɗakin da yake ajiye wake, na tarar ɓera ya huda buhuna, ga mage kwance a bakin ƙofa duk haƙarƙari a waje. Na ce, "Baba, me ake ba ta?" Ya ce, "Malam, ai da gangan nake barin ta da yunwa don ta yi aiki." Na ce masa, "To Baba, ga yunwar ga kuma ɓeran, wanne ya yi nasara?" Ya yi dariya.

Farauta ɗabi'a ce a jinin mage, ƙosasshiya ma tana yi. Wadda yunwa ta dame ta barin gida take yi ta tafi bola ko maƙwabta, ko ta faɗa wa 'yan tsaki. Mai ƙarfi da ta san inda kwanonta yake, ita ce ke kwana kusa da rumbu.

Dalilin da take ƙin sabon abinci

Mage tana sanin abin da ake kira abinci ne tun tana ƙarama, daga abin da uwarta ta kawo mata da abin da aka saba zuba mata a watannin farko. Wadda ta tashi a kan tuwo, ƙamshin ɗanyen nama baƙo ne a wurinta. Turawa masu kiwon wata 'yar dabba mai kama da tunku da suke kira feret suna fama da irin wannan matsala, kuma maganinsu ɗaya da namu: a hankali, kaɗan-kaɗan.

Ban da sabo, akwai wasu dalilai. Nama mai sanyi daga firji ba shi da ƙamshi a hancinta. Babban yanka yana ba ta wahala in ba ta saba tauna ba. Ciwon haƙori ko mura mai toshe hanci su ma suna hana ta ci, don haka a fara duba bakinta da hancinta.

Doka ta farko: kada a hore ta da yunwa

Wasu suna cewa a ƙyale ta, in yunwa ta ci ta za ta ci. Wannan kuskure ne babba. Mage in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci komai ba, kitse yana iya taruwa a hantarta, musamman mai ƙiba, kuma ciwon yana kisa. In ta ƙi sabon abinci yini guda cur, a mayar mata da wanda ta saba, gobe a sake gwadawa da ƙasa da na jiya.

Matakan sauyawa

Kwana 1 zuwa 3: A daina barin abinci a kwano yini duka. A tsayar da lokaci biyu, safe da bayan magariba. A tafasa ɗan nama a ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba albasa, a zuba cokali ɗaya ko biyu na romon a kan abincin da ta saba. In ta yarda da hannu, a shafa mata ɗan romo a leɓe ko a ƙafar gaba, za ta lashe.

Kwana 4 zuwa 7: A daddatsa naman da aka tafasa ƙanana kamar ƙwayar dawa, a cuɗa kashi ɗaya cikin goma a abincinta. A cuɗa sosai yadda ba za ta iya tsince tuwon ta bar naman ba. In hali ya yi a marmasa ɗan busasshen kifi a kai, ƙamshinsa yana jawo ta.

Mako na biyu: A kai naman kwata, sannan rabi. A riƙa duba kashinta. In ta yi zawo ko amai, a koma matakin baya na kwana biyu ko uku.

Mako na uku: Kashi uku nama, kashi ɗaya tsohon abinci. A ƙara girman yanka zuwa kamar kan ɗan yatsa don ta koyi tauna. Ƙundun kaza yana da kyau a wannan mataki.

Mako na huɗu: Nama ya zama shi ne abincinta. Wanda yake son ba ta ɗanye, a nan ne zai fara rage tafasawar a hankali, bayan ya karanta sharuɗɗan da ke ƙasa.

'Yar ƙarama tana iya sabawa cikin mako ɗaya ko biyu. Tsohuwa kuwa tana iya kai wata biyu. Sannu ba ta hana zuwa. A riƙa ba ta abincin da ɗan ɗumi, a wuri mai shiru, nesa da yara da kaji.

Abin da za a haɗa da yawan da za a bayar

Tsoka zalla ba cikakken abinci ba ne. Mage in ta kama ɓera tana cin tsoka da kayan ciki da ƙashi, shi muke ƙoƙarin kwaikwaya. A cikin kashi goma:

Kashi 8, tsoka tare da zuciya da ƙundu. Kada a bar zuciya a baya, ita ce mai tawurin da yawa.

Kashi 1, hanta da ƙoda, rabi da rabi. Hanta in ta yi yawa tana sanƙarar da wuya da gaɓoɓi, saboda bitamin A da ke cikinta ya wuce kima.

Kashi 1, ƙashi mai laushi kamar ɗanyen wuyan kaza da aka daddatsa. Wanda ba zai ba da ƙashi ba, ya tafasa ɓawon ƙwai, ya shanya, ya daka ya yi laushi kamar gari, ya zuba rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama. Rashin wannan shi ke sa ƙafafun 'yan maguna su lanƙwashe.

Babbar mage tana cin kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a rana. Mai kilo 3 ke nan za ta ci giram 60 zuwa 120, a raba gida biyu. Mai ciki, mai shayarwa da 'yan ƙanana suna buƙatar fiye da haka, su sau uku ko huɗu ake ba su. Da damina lokacin da ƙwan zabo ya yi arha, a ba ta dafaffe guda sau ɗaya ko biyu a mako. Kar a manta da ruwa mai tsabta kullum.

Ba sai an sayi tsokar miya ba. A yi magana da mahaucin unguwa ya riƙa ware guntayen da ke faɗowa wajen yanka, ko a tsaya wurin masu fiɗar kaji. Ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci, yanka yana yawa, samun zuciya da ƙoda ba ya wuya.

Ɗanye ko dafaffe

Gaskiyar magana, yawancin likitocin dabbobi sun fi son a dafa. Ɗanyen nama yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela da ƙwan tsutsar ciki, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, nama ya lalace cikin ɗan lokaci, ga wuta ba tabbas. Tafasawa ba ta rage wa mage tawurin sosai in aka ba ta har da romon, don a ruwan yake narkewa. Ni shawarata ga gidan da ke da ƙananan yara, mai ciki, tsoho ko majinyaci, su tsaya a kan dafaffe.

Wanda ya zaɓi ɗanye, ga sharuɗɗa. Naman ya zama na lafiyayyar dabba da aka yanka a ranar. Abin da ta rage bayan minti 30 a kwashe a binne. A ware mata kwano da wuƙa, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a wanke hannu. Mace mai ciki kada ta taɓa kashin mage ko ta yanka mata ɗanyen nama, saboda wata ƙwayar cuta mai suna tokzofilasma da ke iya illata jariri a ciki.

Abubuwan da ba a ba mage

Mushe, ko naman dabbar da ta faɗi ba a san dalili ba. Cutar saifa, wadda likitoci ke kira antiraks, tana kama dabba da mutum, kuma an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja a watan Yulin 2023. Mu da muke bakin iyaka, dabbobi na shigowa da fita kullum, sai mun ƙara kula.

Kazar da ta mutu ko take ciwo. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, a watan ne kuma aka same ta a Magarya, nan tsallaken iyaka. Tana kama maguna, kuma a 2023 ta kashe maguna da dama a ƙasar Folan.

Miya da duk abin da ke da albasa ko tafarnuwa, suna lalata jininta. Tsire, kilishi da balangu sun yi gishiri da yaji da yawa.

Dafaffen ƙashi, domin yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji.

Ɗanyen kifi a kai a kai, wasu nau'o'insa suna lalata bitamin B1 a jikinta.

Farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, kada a gwada ko da ta yi zazzaɓi.

Sai maganar shinkafar ɓera. Ba a haɗa mage da guba a gida ɗaya. Ɓeran da ya ci guba yana tafiya a galabaice, shi ne mafi saukin kamu, magen da ta ci shi ita ma tana iya tafiya. In dole sai an ƙara wani abu, a sa tarko.

Lokacin da za a nemi likitan dabbobi

In ta wuce yini biyu ba ta ci ba, ko zawo ya kai kwana biyu, ko ga jini a kashi, ko dasashi da fararen ido sun koma ɗorawa, ko tana dalalar da miyau tana tangaɗi, a garzaya asibitin dabbobi a Daura ko wurin jami'in dabbobi na ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Magen da ke farauta tana buƙatar maganin tsutsa duk bayan wata uku, da allurar rigakafin ciwon haukan kare daga wata uku da haihuwa. A tambayi likita adadin magani, kada a yi amfani da na awaki da ka.

Abin tunawa

Mage mataimakiya ce, ba za ta iya aikin ita kaɗai ba. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a toshe ramuka, a share ciyawar gindin rumbu, a rufe abinci. Ɓeran da ta kashe ta bari kada a ɗauka da hannu, a sa cebur a binne, domin ta fitsari da kashin ɓera ne zazzaɓin Lassa ke shiga gida.

Dattijon nan na Kongolam da romon zuciyar akuya muka fara. Kwana biyar na farko romon kawai take lasa ta bar naman, har ya ce mini, "Malam, wannan magen ba ta san arziki ba." Na ce ya ƙara haƙuri. Da na koma bayan wata guda da 'yan kwanaki, gashinta ya kwanta, kuma ya ce yanzu a kan buhunan waken take kwana.

Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya tsare mana shi.