Duniyar Kwaikwayo a Fagen Jinya da Koyon Likitanci

Kafin mu shiga batun, ya wajaba mu fayyace kalmomi biyu. Duniyar kwaikwayo ita ce muhallin da kwamfuta ke ƙerawa, mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda mutum zai zagaya a cikinsa, ya ɗauki kaya, ya yi magana da wasu. Akan shige ta ta allon kwamfuta, ko ta wani tabarau da ke rufe idanu ruf. Wakili kuwa shi ne surar da mutum ke juyawa a madadinsa a can. Idan muka duba yadda ma'aikatan lafiya suka yi amfani da wannan duniya, za mu ga amfanin ya kasu kashi uku: horo, jinya, da fahimtar halin majiyyaci.

Kashi na farko shi ne horo, kuma tushensa abu ɗaya ne: ɗalibi ya yi kuskure a inda kuskure ba ya kisa. Bayan da kamfanin Linden Lab ya buɗe duniyar kwaikwayo mai suna Second Life a 2003, Kwalejin Imperial ta Landan ta gina ɗakin masu cututtukan numfashi a cikinta. A wancan lokacin ɗalibi kan tura wakilinsa ya wanke hannu, ya duba majiyyaci, ya nemi hoton ƙirji, sannan ya faɗi cutar. A ɓangaren tiyata hujjar ta fi ƙarfi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Yale a 2002 ya ƙunshi likitoci 16 masu neman ƙwarewa, kuma waɗanda suka fara horo a na'urar kwaikwayo sun fi takwarorinsu sauri da kashi 29 cikin ɗari wajen aikin cire maɗaciya, kurakuransu ma suka ragu ainun.

Kashi na biyu shi ne jinya, inda majiyyacin da kansa ke shiga. A Jami'ar Washington da ke Siyatil, Hunter Hoffman da David Patterson sun ƙirƙiro SnowWorld, wato kwarin ƙanƙara da mai ƙuna ke yawo a ciki yana jifa da dunƙulen ƙanƙara yayin da ake wanke masa rauni. Hikimar ita ce hankalin ɗan Adam yana da iyaka. Gwargwadon abin da ƙanƙara ta ɗauke, gwargwadon abin da raɗaɗi ya rasa. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani tsari irin wannan domin masu ciwon baya mai naci.

Kashi na uku ya fi sauran laushi. Peter Yellowlees na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya gina wani ɗaki a duniyar kwaikwayo inda baƙo ke jin muryoyin da babu masu su, yana ganin rubutu na sauyawa a gabansa, kamar yadda mai sikizofireniya, wato taɓin hankalin da ke gauraya gaskiya da ruɗu, yake fama. Ɗalibin da ya ratsa ɗakin nan zai fi haƙuri da majiyyacinsa, domin gani ya kori ji.

Sai dai gani ba ci ba ne. Wakili ba ya jin zafin goshi, ba ya jin warin miki, ba ya kallon idon uwar da ɗanta ke kwance. Tabarau kan jawo wa wasu jiri da tashin zuciya, kuma tsarin duka ya dogara da wutar lantarki, wani sashensa kuma da intanet mai ƙarfi. Saboda haka muke ɗaukar duniyar kwaikwayo a matsayin zaure: a nan ɗalibi zai yi tuntuɓe ya gyara, ta yadda ranar da ya shiga ɗakin majiyyata, hannun da zai ɗora a kan mutum ya riga ya saba.